Canza giyar aksul ɗin baya a tsohuwar mota

Masu tsofaffin motoci sun cika tambayata ko kwanson aksul ɗin baya zai karɓi kiraun (babbar giyar aksul) da finiyan (ƙaramar giyar da ke juya ta) masu yawan haƙora daban da na asali. Galibi yana karɓa. Inda gizo ke saƙar shi ne keriya, wato ƙoƙon da ake ɗaure kiraun a jikinsa.

Lissafin lambar giya ba wuya: a raba haƙoran kiraun da na finiyan. Haƙora 40 da 13 sun ba da 3.08, 41 da 10 kuwa 4.10. Faɗin kiraun ba ya canzawa tunda kwanson ɗaya ne, don haka lamba na hawa, finiyan na ƙanƙancewa. Da zarar ya ƙanƙance, dole kiraun ya matso kusa da shi kafin haƙora su kama juna. Shi ya sa ake ƙera wa wasu aksul keriya fiye da ɗaya. A aksul samfurin Dana 44, daga 3.73 zuwa ƙasa keriyarsu daban, daga 3.92 zuwa sama daban. Aksul mai inci 9 na Ford, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, ba shi da wannan rabuwar, kuma cikinsa gaba ɗaya ake zarowa a yi aikin a kan tebur. Wannan ne ya sa nake matuƙar ƙaunarsa.

In lambar da kake so ta tsallake iyakar keriyarka, ko ka sauya keriyar, ko ka nemi kiraun mai kauri da aka yi don haka. Akwai zoben ciko da ake sawa a bayan kiraun, amma ni hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba, domin nauyin yana komawa kan kusoshi.

Saiti shi ne aikin. Ina shafa rawayan fenti a haƙora kaɗan, in danne kiraun da tsumma don ya yi nauyi, in juya finiyan, sannan in duba shaidar da ta fito. A tsakiyar haƙori ake son ta. In ta haura wajen baki, finiyan bai shiga sosai ba, a ƙara shim, wato siririn zoben ƙarfe da ke tura finiyan ciki. In ta nutse gindi, a rage. Wasan da ke tsakanin haƙora kuma agogon awo ke faɗa, ba hannu ba, yawanci milimita 0.15 zuwa 0.25. Kada a haɗa kiraun ɗin wannan da finiyan ɗin wancan, tare aka goge su a masana'anta. In aka yi sakaci nan, kukan aksul ba zai daina ba.

Kafin ka sayi 4.10, ka tuna yawancin tsofaffin nan ba su da giyar hutar da inji. Injin da ke juyi 2,400 a minti da 3.08 zai koma wajen 3,200 a gudu ɗaya. Tashi zai yi daɗi, amma mai zai sha, agogon gudu ma zai riƙa nuna fiye da gaskiya sai an canza masa ƙaramar giyarsa. Motar da ke doguwar tafiya, ni ba na wuce 3.50 da ita.