Yaron da ya kasa faɗa da baki, a ba shi yashi

"Ai yaro ne, zai manta." Wallahi maganar nan tana ci min tuwo a ƙwarya. Yaron da aka ƙona garinsu yana kallo a Zamfara ko Borno ba mantawa yake ba, yadda zai faɗa ne bai sani ba, shi ya sa za ka ga fitsarin kwance ya dawo, ga firgita cikin dare, mu kuma mu ce iska ce ko tsabar rigima.

Akwai hanyar da masana halayyar ɗan Adam ke bi da irin yaran nan, wasan yashi, ba bugun ƙasa na 'yan duba ba fa kar a fassara ni. Wata likitar yara a Landan, Margaret Lowenfeld, ita ta faro abin a 1929, daga baya Dora Kalff 'yar Suwizalan ta je ta koya a wajenta ta faɗaɗa shi. Tire ne na katako kamar santimita 57 da 72, an shafe cikinsa da shuɗin fenti yadda in yaro ya ture yashin sai ya ga kamar rafi, gefe kuma ga ƙananan kayan wasa, mutane, shanu, gidaje, motoci, sojoji, sai a ce masa gina abin da ranka yake so. Shi ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne babban da ke zaune a gefe. Shiru zai yi. Ba "waye wannan ka binne?", ba "a'a soja ba nan yake tsayawa ba", ba wa'azi, ido kawai da nutsuwa, in yaron ya tafi sai babban ya ɗauki hoton ginin ya ajiye don a riƙa kwatantawa mako bayan mako. Sau da yawa ginin farko a hargitse yake, faɗa da binne-binne, a hankali sai katanga ta fito, gada ta fito. To mu da yaro ko tuwon ƙasa yake sai mun daka masa tsawa ya ɓata kaya, anya za mu iya wannan shirun kuwa?

Kuma don Allah kar wani ya ɗebo yashi a faranti ya ce ya zama likita, abin da kan fito daga yaron yana da nauyi, sai wanda aka horar. Yashi kam ga shi nan har ƙofar gida, horarrun ne suka yi mana ƙaranci, musamman a sansanonin 'yan gudun hijira.