Lokacin da rumbun bayanai ya ƙi amsawa, R kuma bai tsaya ba

Aikin da aka ba ni shi ne in rubuta umarni da R, harshen kwamfuta na nazarin alƙaluma, wanda zai riƙa jona kansa da rumbun bayanai cikin dare, ya ɗebo alƙaluma, ya yi lissafi, ya ajiye rahoto. Lissafin bai wahalar da ni ba. Abin da ya ci mini lokaci shi ne tsara abin da zai faru idan rumbun ya ƙi amsawa, alhali babu kowa zaune gaban kwamfuta.

R ya raba matsala gida biyu. Kuskure yana tsayar da aiki nan take. Gargaɗi kuwa a faɗa maka ne a wuce, kuma bisa tsarin asali sai an gama umarnin da ake kai sannan a nuna shi. Kunshin RODBC, wato tarin umarnin da ke jona R da rumbun bayanai, wanda na tarar ana amfani da shi, a kan gargaɗi ya dogara. Idan odbcConnect() ya kasa jonawa, ba ya tsayar da komai: gargaɗi yake fitarwa, ya dawo da -1, layi na gaba ya ɗora kamar lafiya lau. Shi ma sqlQuery(), idan tambayar ta lalace, saƙon kuskuren yake miƙo maka a matsayin rubutu, a daidai gurbin da kake jiran tebur. Ba aibi ba ne, haka aka tsara shi, kuma a rubuce yake a bayanin kunshin. Saboda haka na sa is.data.frame() a bayan kowace tambaya, duk abin da ba tebur ba stop() ya tare shi.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen kama gargaɗin. Kowa tryCatch() yake fara ɗauka, kuma yana da kyau ga kuskure. Amma idan ka ce masa ya kama gargaɗi, da zarar na farko ya fito sai ya fice daga aikin gaba ɗaya, ba ya komawa. Wannan yana da illa biyu. Jonawar da ta gaza a RODBC takan fitar da gargaɗi fiye da ɗaya, kai kuwa na farko kaɗai za ka gani. Mafi muni, wani lokaci aikin yana tafiya daidai, gargaɗin na sanarwa ne kawai, sai ka yar da sakamako mai kyau saboda shi. Abin da ya dace a nan shi ne withCallingHandlers(): yana karɓar gargaɗin, ka ciro saƙon da conditionMessage() ka ajiye, ka kira invokeRestart("muffleWarning"), aiki ya ci gaba daga inda yake. Yanzu haɗa su nake yi, withCallingHandlers() daga ciki yana tattara gargaɗi, tryCatch() daga waje yana jiran kuskure.

Akwai masu sa options(warn = 2) don kowane gargaɗi ya koma kuskure. Yana da amfani lokacin gwaji. A aikin dare kam ban yarda da shi ba, domin ƙaramin gargaɗin da bai shafi rumbun ba ma zai iya kashe rahoton.

Daga baya na koma wasu kunshi biyu na jona R da rumbu, DBI da odbc, inda gazawa kuskure ce sak. Sauƙi ya samu, sai dai sharar bayan kuskure ta rage. Idan aiki ya mutu a tsakiya, jonawar tana nan a buɗe tana cin gurbi a sabar. Shi ya sa layin da ke bin dbConnect() a kowane aikina shi ne on.exit(dbDisconnect(con), add = TRUE). Wajen rubutawa cikin rumbu kuma dbWithTransaction() nake amfani da shi, ko duka su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga. Rumbun PostgreSQL ma ba ya wasa da wannan: da umarni ɗaya ya gaza a cikin irin wannan zagaye, zai ƙi duk na bayansa har sai an janye abin da aka fara rubutawa.

Sai batun sake gwadawa. Ba kowace gazawa ta cancanci a sake ba. Saƙonnin ODBC, wato tsarin da ake jonawa da rumbu ta kansa, suna zuwa da lambar SQLSTATE mai alamomi 5 da ke nuna irin matsalar. Wadda ta fara da 08 matsalar jonawa ce, ana iya dakatawa kaɗan da Sys.sleep() a sake, ana ƙara tsawon jiran kowane zagaye. 28000 kuwa tana nufin an ƙi sunanka ko kalmar sirrinka, IM002 kuma ba a ga sunan majiyar bayanan ba. Waɗannan ko sau nawa ka sake amsa ɗaya ce, ta farkon ma tana iya ja a kulle asusun. Rumbun MySQL shi kuma bisa tsarin asali yana yanke jonawar da ta yi daƙiƙa 28800 ba motsi, wato awa 8, don haka ba na riƙe jonawa ina dogon lissafi. Na ɗebo, na rufe, in na tashi rubutawa na buɗe sabuwa.

Duk saƙon da na kama yana shiga fayil tare da lokaci da sunan matakin da ya gaza. Kafin ya shiga, ina sa gsub() ya goge duk abin da ya biyo bayan PWD=, inda ake rubuta kalmar sirri, saboda fayil ɗin mutane da yawa ke buɗe shi.