Kyamarar da na miƙa wa ƙanwata

Da ƙanwata ta ce tana son koyon ɗaukar hoto da kyamara mai amfani da fim, ban yi dogon tunani ba, na miƙa mata Olympus mju II ɗina, ƙirar Japan ta 1997. 'Yar ƙarama ce, tana shiga aljihun riga. Ka ja murfin gabanta gefe, ta kunnu, ka mayar, ta mutu. Ita ke auna haske da nisa, ita ke jan fim, in ya ƙare ta naɗe shi da kanta, kana jin kukan injinta a tafin hannunka.

Abu ɗaya na jaddada mata: duk sanda aka buɗe ta, filashin kan koma kunna kansa, don haka in ba ta son ya dallare fuskar Hajiya, ta kashe shi tukuna. Batirinta CR123A ne, ba kowane shago ke da shi ba, shi ya sa na sayo mata biyu.

Fim ɗin Kodak Gold 200 na saka mata, mai hoto 36. Sai da ta yi mako uku kafin ta cinye shi. Wanda ya fi taɓa ni a ciki shi ne hannun Hajiya tana tankaɗe gari a tsakar gida, hasken hantsi na ratsa ƙurar.