Wasiƙa daga Sebu, zuwa ga masu cewa in haɗa su da aikin amsa waya daga ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maraɗi da Katsina da duk inda saƙon nan ya isa. Ya gida, ya iyali, ya zafi? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan, saƙonni sun yi min yawa a WhatsApp, kowa sai ya ce "yaya don Allah ka haɗa ni da aikin nan naka, ai an ce daga ɗaki ake yi, kuma ina da laftof." To gara in amsa sau ɗaya kowa ya ji.

Ina birnin Sebu na ƙasar Filifin, a ɗaya daga cikin kamfanonin da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke ba kwangilar kula da kastomominsu. Mutum a Faransa ko Kanada kayansa bai iso ba, ko an cire masa kuɗi sau biyu, ya buga lamba yana zaton Paris ya kira, ni ne zan ɗaga daga nan. Faransancin lekol ne ya sama min aikin, don masu Turanci sun cika ƙasar. Kuma harkar ba wasa ba ce, a 2023 kusan mutum miliyan 1.7 ke cin abinci a cikinta, ta shigo wa ƙasar da sama da dala biliyan 35.

Kafin korona a ofis muke yi, kuma kafin ka shiga zauren aiki sai ka kulle wayarka a akwati, ko biro da takarda ba a yarda ka shiga da su ba, saboda lambobin katin banki na mutane ne ke wucewa ta gabanka. Da aka rufe gari a Maris na 2020 sai kamfanoni suka riƙa loda kwamfutoci a mota ana rabawa gida gida, wasu ma'aikatan kuma aka ajiye su a otal kusa da ofis. Amma kada ku ɗauka an sake mu ne. Dokokin zauren nan gaba ɗaya aka tattaro aka biyo mu da su har bakin gado.

Kwamfutar tasu ce, ba taka ba, kuma an toshe duk kafar da za ka soka filas ka kwafi wani abu. In ka kunna sai ka shiga ta VPN, rufaffiyar hanyar nan da 'yan uwanmu na Najeriya suka san sunanta lokacin da aka rufe Twitter a 2021, sannan ka saka wata lamba da ke canzawa a wayarka duk bayan daƙiƙa 30. Abin da kake gani a allon ma hoto ne kawai, ainihin aikin yana gudana a rumbun kwamfutocin kamfani, ko ɓarawo ya ɗauke ta ba abin da zai samu sai ƙarfe. Wayar amsa kiran kanta manhaja ce a cikin kwamfutar, kai dai ka maƙala hedfon. In kastoma zai biya kuɗi shi ke danna lambar katinsa a wayarsa, ni taurari kawai nake gani. Ana naɗar kiranka, ana ƙirga mintocin da ka ɓata da kowane kastoma, ban ɗaki ma sai ka danna maɓalli manaja ya gani daga inda yake. Wasu kwangilolin har kamara suke sa wa, ta duba ko akwai mutum a bayanka. Yanzu ka kwatanta da gidan yawa irin namu, da ƙanne ke faɗowa ɗaki ba sallama!

Abin dariyar shi ne zakaru. Mutanen nan suna kiwon zakarun faɗa kamar me, ga waƙar karaoke har tsakar dare, kuma in rana ce a Kanada nan dare ne. Wani dattijo daga Montreal ya taɓa tambayata ko a gona nake. Sai da aka saka mana manhajar da ke tace hayaniya muka huta.

Inda na san iyakar fasahar nan shi ne 16 ga Disamba 2021, daren da guguwar da suke kira Odette ta afka wa Sebu. Turakun wuta suka kwanta, wayoyin intanet suka tsinke, unguwarmu ta yi makonni ba kuran, mutane na layin ruwa da na mai, ni ga kwamfutar kamfani a ɗaki kamar hoto. Ofis ɗin da muka raina saboda cunkoson hanya, can muka koma da gudu, don shi ke da janareta da layin intanet fiye da ɗaya, kiran da ya fi ƙarfinmu kuma aka karkatar da shi zuwa Manila da wasu ƙasashe. Tun lokacin in na ji ana cewa ofis ya mutu sai in yi murmushi kawai.

Sannan ga gwamnati. Yawancin kamfanonin nan suna samun sassaucin haraji ne saboda suna zaune a yankunan da PEZA, hukumar kula da yankunan kasuwanci na musamman, ta keɓe, to sai aka ce ai sassaucin na mai aiki a cikin yankin ne. Lokacin korona an yarda kashi 90 cikin 100 su yi daga gida, daga 1 ga Afrilu 2022 aka ce kowa ya koma ofis, aka yi ta kai ruwa rana, wasu kamfanonin suka mayar da rajistarsu wata hukumar don su tsira. Sai a Nuwamba 2024 sabuwar doka ta amince da rabin ma'aikata su riƙa yi daga gida. Ni yanzu kwana uku a gida, biyu a ofis, kuma kun ga ba kwamfuta ce ta yanke wannan ba.

To, kai ƙanina mai cewa in tura maka hanyar shiga ka yi daga Maraɗi da sunana. Ba zai yiwu ba wallahi. Kwangilar ta faɗi ƙasar da za a taɓa bayanan kastoma, Turawa na da doka mai tsauri kan haka tun 2018, kuma na'urar na ganin ƙasar da aka shigo daga ita, ranar za a sallame ni. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ya ba ka irin aikin nan, ɗan damfara ne.

In da gaske kake so, nemi kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata a ƙasar da kake zaune. Su ma abin da za su fara tambaya shi ne intanet na waya da ake sokawa a kwamfuta, ba datar salula ba, sai sola ko batirin da zai riƙe ka awa 8, sai ɗaki mai ƙofa. Ka gyara Faransancinka da saurin rubutu, ka kuma koyi haƙuri da zagin wanda ba ka sani ba.

Ƙarfe 9 na dare ta kusa a nan, ku kuna 2 na rana, bari in je in maƙala hedfon. A gaida min Inna, a ce mata saƙonta na kan hanya ƙarshen wata.