Kifin gwangwanin da aka kwashe yau

Yau da hantsi jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, suka shigo kasuwarmu, suka kwashe katan-katan na kifin gwangwani daga wani shago, bisa ikon da dokar da ta kafa hukumar a 1993 ta ba su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da wata jami'a ta ɗaga gwangwani guda ta nuna wa mai shagon: murfin ya kumbura, tsatsa ta ci gefensa, an kuma liƙa sabon kwanan wata a kan tsohon. Dattijon ya ce, "Hajiya, wallahi haka na saro shi." Ta ce masa, "Baba, kumburin nan aikin ƙwayoyin cuta ne, kuma gubarsu tana iya shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, ko da kifin bai yi wari ba."

Na tausaya masa, domin jarinsa aka loda a mota, dilan da ya sauke masa kayan kuwa babu shi babu labarinsa. Sai dai ɗaliban makarantun kwana ne suka fi sayen irin wannan kifi saboda araha, su ci da burodi ba tare da an ɗora a wuta ba. Har yanzu ina tunanin gwangwani nawa aka riga aka sayar kafin yau.