Ɗinkin rigunan ƴan wasa a Tawa

Shagona yana cikin garin Tawa, kuma sana'ata ita ce ɗinka rigunan ƴan ƙwallo tare da buga lamba da suna a bayansu. Ina da kekunan ɗinki uku da injin manna lamba guda ɗaya, sai yara huɗu masu koyon aiki.

Mutane suna zaton manyan ƙungiyoyi ne ke ciyar da mai irin sana'ata, alhali ko sau ɗaya ban taɓa ɗinka musu riga ba. Da yawa daga cikinsu, kamar AS FAN ta sojoji da AS Douanes ta ma'aikatan duwan, a Yamai suke, kuma hukumomin da suka kafa su ne ke ɗaukar nauyinsu, domin kuɗin ƙofa ba ya isa a biya ɗan wasa albashi. Abincina yana wurin samarin fada, wato majalisar hirar matasan unguwa, waɗanda babu mai biyansu ko dala. Da an shiga babban hutun makaranta a watan Yuli, sai unguwanni su shirya gasa, kyaftin ya iso shago da leda cike da jika-jika da ƴan canji waɗanda suka tara ta hanyar karo-karo, ya zube a kan tebur mu ƙirga tare. Ba na sa almakashi a yadi sai an ba ni rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, saboda na lura cewa ƙungiyar da aka fitar a zagayen farko ba ta cika tunawa da hanyar shagon tela ba.

Yadin da nake aiki da shi daga Kano yake zuwa ta Birnin Ƙonni, shi ya sa da aka rufe iyaka a 2023 farashinsa ya tashi, su kuwa samari ba su ƙara ko sisi a kan abin da suke iya tarawa ba. A shekarar na rage ribata don kada su koma ga rigunan Barcelona da Real Madrid masu araha da ke rataye a kasuwa.

Kokowa kuma lissafinta daban ne. A nan Tawa aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, kuma tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha da ƴan kokowarta goma. Wanda ya yi nasara yana tafiya da takobi da doki da miliyoyin sefa, amma ɗan kokowar ƙauye da ke fita fage bayan girbi ba ya samun komai sai abin da ƴan kallo suka liƙa masa. Idan gasar ta zo garinmu nakan kwana a shago ina buga riguna masu sunan jiha, sai dai ciniki ne na kwanaki kaɗan, kuma kafin ya sake dawowa yaran shagona sun yi ƴanci. A littafin bashina har yanzu akwai riguna goma sha shida na wata unguwa da aka doke tun daminar bara.