Alhaji, birekar ba ta da laifi

Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, ni da yara huɗu. Muna wayarin gida, amma abincinmu yana hannun masu injin gyaran shinkafa, masu matsar man gyaɗa da masu rijiyar burtsatse, daga cikin garin Katsina har Daura.

Kiran da na fi samu iri ɗaya ne: "Injiniya, birekar nan ta dame ni da faɗuwa, zo ka sa mini babba." Bireka ita ce na'urar da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa, shi ne faɗuwarta. Nan nake fara gardama da mutum, don na ga abin da babbar bireka ke jawowa.

Bara wani Alhaji mai injin shinkafa ya kira ni bayan motonsa ya ƙone. Moto ne mai ƙarfin doki 20, wato kilowat 15, farantin jikinsa ya rubuta amfiya 29 (yawan wutar da yake ja) a kan bolt 400 (ƙarfin wutar). Da farko an sa masa birekar gida mai 32, ana kunnawa ta faɗi. Dole ta faɗi, don moto lokacin tashi yana jan ninki shida ko bakwai na wutar da yake ci in yana aiki, kusan amfiya 200 cikin 'yan daƙiƙu. Sai aka canza masa mai 100. Shiru ya samu, ya ji daɗi. Ranar da buntu ya toshe injin, moton ya yi ta jan wuta sama da ƙarfinsa, birekar ko a jikinta. Kuɗin sake naɗa wayar moton da kwanakin da ya yi bai yi aiki ba sun ninka kuɗin kayan kirki sau da yawa.

Na ce masa, "Alhaji, bari mu bi farantin nan." Muka sa birekar da aka ƙera don moto, mai ɗan maɓallin da ake murzawa, na saita ta daidai 29. Tana haƙuri da jan wutar tashi, in waya ta haɗu kuma tana yankewa nan take. Bayanta kontakta, wato makunnin da ke haɗa wa moto wuta, da tsarin sita-delta wanda ke sauko da wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ba na yarda a rage shi ko mai aiki ya yi kukan kuɗi shi ne na'urar gadin layi, wadda ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke. Moto mai layi uku, in ɗaya ya ɗauke, ba ya tsayawa. Zai ci gaba da gurnani da layi biyu har koyil ya dafe. A masu famfon burtsatse wannan ya fi ƙona moto, don yana can ƙasa babu mai jin sautinsa.

Zafinmu ma yana shiga lissafi. A watan Afrilu, akwatin ƙarfe a rumfar kwano yana sa bireka faɗuwa kafin lokacinta, don da zafi take auna lodi. Sai mu kai akwatin inuwa, mu bar masa iska, mu hure ƙura.

Kaya kuwa da kaina nake zuwa Sabon Gari a Kano, saboda jabu masu sunan Schneider da Siemens sun yi yawa. Bayan mako biyu da kowane aiki nakan tura yaro da mita ya auna kowane layi, ya sake ɗaure sukurorin, don girgizar inji tana kwance su.